Matakalar da Aka Auna da Littattafai

Sawun takalmi na fara gani. Bazara ce, shekarar da muka tare a gidan nan na Tawa. Na fito da tsintsiya bayan sallar asuba, na tarar iska ta shimfiɗa rairayi mai laushi a kan sabuwar matakalarmu kamar an barbaɗa mata gari. A hawa na farko akwai sawu, a na biyu akwai, a na uku sawu biyu ne a jere da ɗigon sanda a gefensu. A hawa na huɗu kuwa tafin hannu ne, yatsu biyar a buɗe, an danna su da ƙarfi har siminti ya fito a ƙarƙashinsu. Daga nan zuwa sama babu komai. Takalmin irin na makiyaya ne mai faɗin baki, kuma mutum ɗaya ke sa irinsa a gidanmu, mahaifina. Na daɗe tsaye ina kallon hannun nan, sannan na share shi da sauri kafin babanku ya dawo daga masallaci.

Kun taso kuna jin 'yan unguwa suna kiran wadda muke da ita yanzu matakalar kunkuru. Kun ji ana cewa babanku, da duk sunan da ya yi a gini, ya kasa lissafin matakalar gidansa, har ya rushe ta ya sake wata da ta cinye rabin tsakar gida, ta kuma tafi saman da babu ɗaki, sai ƙarafa tsaye suna tsatsa. Shi ma in an tambaye shi cewa yake e, kuskure ne. Da sallar da ta wuce, Abdu, na ga ka zagaya ta da awonka, na ji kana faɗa wa ƙannenka cewa za ka rushe ta ka yi mana ta zamani, mu samu fili. Ban ce maka komai ba, don babanku na zaune. Shi ba zai taɓa faɗa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sai na fara da laifina. Ni mace ce da littattafai suka raina. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, a wajen gwaggona a nan Tawa nake karanta 'yan littattafan soyayya da fatake ke kawowa daga kudu, masu siririn bango, waɗanda ake haya a bakin kasuwa. A cikinsu duk yarinyar kirki a gidan bene take, kuma ba ta taɓa shigowa ta ƙofa kamar sauran mutane. Saukowa take yi. A hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen dafawa, ƙamshinta ya riga ta isowa ƙasa, saurayi yana tsaye ya manta abin da ya zo faɗa. Na karanta wannan saukowa ta fi sau ɗari, ban gaji ba. Ina daka ina saukowa, ina ɗiban ruwa ina saukowa. Da babanku ya dawo daga Abijan da sana'ar gini a hannunsa ya zo neman aurena, ya tambaye ni abin da nake so a duniya, sai na ce masa matakala. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Tun daga ranar yake kirana Gimbiya, kuma ya yi alkawarin zai gina mini ɗaki guda a sama, mai taga tana kallon gabas, da matakalar da zan riƙa saukowa ya manta abin da ya zo faɗa.

Shekara goma sha ɗaya muna haya kafin ya cika rabin alkawarin. Ya gina ɗakuna uku a ƙasa, ya zuba musu rufin siminti, wanda magina ke kira dal, ya bar ƙarafa tsaye a kusurwar gabas inda ɗakina zai hau. Siminti da ƙarfen ɗakin ma ya tara su a zaure, an lulluɓe da leda. Saura matakala. A kanta ya zuba duk abin da ya sani. Ya ce mini wani tsohon magini da ya koya masa aiki ya ba shi ƙa'ida guda: ka ɗauki tsayin hawa sau biyu, ka haɗa da faɗin inda ƙafa ke sauka, su ba ka takun mutum ɗaya, santi sittin da uku. Daga ƙasa zuwa saman dal ɗinmu mita uku ne da santi ashirin da huɗu. Ya raba ya samu hawa goma sha takwas, kowanne santi goma sha takwas, faɗinsa ashirin da bakwai. Ya ce dubi yadda lissafin ya faɗa daidai, ko ɗigo bai rage ba, kamar dama an halicci gidan don ita. Kuma ya lanƙwasa ta kaɗan daga ƙasa, yadda mai saukowa za ta juyo da fuskarta wajen ƙofar gida.

Ana cikin haka aka kawo mahaifina daga Takanamat. Ya faɗi a bakin rijiya yana jan guga, gwiwarsa ta dama ta kumbura, a likita kuma suka gano jininsa na hawa, suka ce sai ana duba shi duk wata. Mahaifiyata ta riga ta rasu, ƙanena ya tafi arewa neman aiki ya daɗe ba labari. Babu mai kula da shi a can sai maƙwabta. Amma kun san abin da ake nufi da dattijo ya zauna a gidan mijin 'yarsa. Ga shi ni ce 'yarsa ta fari, tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba. In yana son ruwa sai ya faɗa wa bango cewa ana jin ƙishi a gidan nan. In zai yi maganar babanku sai ya ce maigida. Ya karɓi ɗakin kusa da zaure, ya ƙi katifa, ya shimfiɗa buzunsa. Abinci bai dame shi ba, zafi bai dame shi ba. Katanga ce ta dame shi. Mutum ne da ya yi shekara saba'in yana tashi ya ga inda ƙasa ta haɗu da sama ta kowane gefe, ya san garken wane ne ke tafe tun yana ɗigo, ya san hadarin da zai zuba da wanda zai wuce. Sai ga shi a tsakar gida mai bango huɗu, samansa bai fi faɗin tabarma uku ba. Wata rana na ji shi yana faɗa wa akuyarmu:

“Garin ga ba shi da gehe. Mutum shi kwana shi tashi bai san ta inda ruwa za su taho ba.”

Babanku ya ji wannan magana ta bakina. Ya ce ai sauƙi ne, in matakala ta tashi Baba zai hau sama ya ga har duwatsun hanyar Afala, kafin a gina ɗakina ma fili ne fetal. Kuma don kada ya yi aikin banza, ya ce bari a gwada ƙafar Baba tukuna. Ya jera bulo, ya ɗora katako, ya auna santi goma sha takwas daidai, ya je ya durƙusa daga nesa ya roƙi Baba ya taka ya ji.

A nan ne aka yi kuskuren, kuma mu uku muka yi shi. Baba ya tashi, ya jingine sandarsa a bango, don ba zai dogara sanda a gaban surukinsa ba. Babanku ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, don ba a zuba wa suruki ido yana fama da jikinsa. Ni kuma na shige madafa na juya baya, don 'yar fari ba ta tsayawa kallon ubanta. Baba ya hau katakon sau ɗaya, ya sauko, ya ce:

“Daidai ne, maigida. Ko raƙumi aka ce in hau, ina hawa.”

Ba wanda ya ga fuskarsa. Ba wanda ya tuna cewa hawa ɗaya daban, goma sha takwas daban. Aka kafa katako, aka zuba siminti.

Matakalar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye muku ba. Magina 'yan'uwansa sun riƙa zuwa kallo, suna shafa lanƙwasar suna girgiza kai. Ranar da aka cire katako na jira kowa ya fita, na yi wanka, na ɗaura zanen da aka kawo mini a lefe, na hau sama na sauko. Na sake hawa na sauko. A karo na uku na tarar da babanku a ƙofar gida da buhun gawayi a kafaɗa, ya tsaya, ya buɗe baki. Na tambaye shi me ya zo faɗa, ya ce wallahi ya manta. Mun yi dariya kamar yara. Kwana tara na yi ina cikin littafi. Ban lura ba cewa duk lokacin da aka ce wa Baba ga matakala ta bushe, sai ya ce yau rana ta yi zafi, ko ya ce gobe in Allah ya kai mu. A rana ta goma na ga hannun nan a kan rairayi.

Ban iya tambayarsa ba, ban kuma faɗa wa babanku nan take ba. Na koma leƙen mahaifina ta tsakanin zaren asabarin madafa, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. A nan na fara ganin tsufansa. Na ga in zai hau dakalin famfo sai ya dafa bango, ya ciji leɓe. Na ga in zai ƙetare dokin ƙofar zaure sai ya tsaya, ya ɗaga ƙafar da hannu kamar kayan wani. Amma dokin ƙofar ɗakinsa, wanda ya fi su gajarta, yana taka shi ya wuce ba tare da ya sani ba, wani lokaci ma da buta a hannu. Na ce a raina to wannan shi ne hawan Baba. Awon babanku yana tare da shi a wurin aiki, ni kuma ina tsoron in auna da yatsu in yi ƙari ko ragi. Da Baba ya fita sallar azahar, sai na jawo akwatin littattafaina na tsuguna a ƙofar ɗakinsa, na riƙa ɗora su ɗaya kan ɗaya a jikin dokin ƙofar ina danna su da tafin hannu. Goma sha biyar ba su kai ba. Na ɗauko wanda nake cikin karantawa, kashi na biyu na wani labari da na kai tsakiyarsa, na ɗora. Ya yi daidai, ko gashi ba zai shiga ba. Na ɗaure su tam da zare. Washegari na share tsakar gida na yayyafa ruwa, na bar shi ya wuce zuwa zaure, na bi sawunsa da wani zaren daga dunduniya zuwa dunduniya, na ƙulla.

Da la'asar babanku ya dawo, ya yi wanka, na ajiye masa fura, na ajiye ɗaurin littattafan da zaren a gefenta. Ya ce yau kuma karatu za a ba shi? Na ce ya auna. Ya ɗauko awo yana murmushi, ya ce goma sha biyu. Zaren kuma hamsin da shida. Sai na ba shi labarin hannun da na share. Murmushin ya tafi. Ya daɗe yana kallon matakalarsa, sannan ya tsinci ƙusa ya fara zane a ƙasa. Ya ce in hawa ya koma goma sha biyu, tsayin gidan ba zai ragu don kowa ba, sai dai hawan ya ƙaru, ashirin da bakwai ke nan. Sau biyu na goma sha biyu ashirin da huɗu, a cire daga takun Baba, saura talatin da biyu, shi ne faɗin kowane hawa, ya isa ƙafa biyu da sanda. Ya ja layi mai tsawo har ƙusar ta bugi bango. Ya ce a kwance za ta ci mita takwas, ban da wurin hutawa a tsakiya, don Baba ba zai yi ashirin da bakwai a numfashi ɗaya ba. Bangon gabas bai kai ba, sai ta karya kwana ta bi na arewa. Na ce to a ƙara wa wannan 'yan hawa a tsakani mana. Ya ce matakala ba riga ba ce da za a buɗe mata ɗinki, kowane hawa da ɗan'uwansa yake tafiya, in ɗaya ya bambanta ƙafa za ta yi tuntuɓe a kansa har abada. Sai an rushe.

“Kuma ki ji da kyau, Gimbiya,” in ji shi. “Mai tsawon nan, abin da ke zaure za ta cinye, siminti da ƙarfe duka. Ɗakinki ne za ki taka ki hau. Ban san shekarar da zan sake tara irinsu ba, ga yara na tasowa. Ubanki ne, ɗakinki ne. Ni magini ne kawai.”

Ina so in rubuta muku cewa nan take na amsa. Ban amsa ba. Kwana uku na yi shiru. Kowace yamma sai in hau sama in zauna tsakanin ƙarafan nan huɗu, inda na riga na zana wurin gado da wurin taga da gawayi. Na san launin labulen. Na san inda zan jera littattafai, da inda zan ajiye kaskon turare don hayaƙin ya bi matakala ya riga ni sauka. Daga can ana ganin rufin unguwa duka, da tudun rairayi, da duwatsu masu shuɗi-shuɗi can arewa, da garken shanu suna dawowa kamar an zubar da wake a faranti. Ina kallo ina ce wa kaina ai Baba ya saba da haƙuri, ai wata shekara a yi masa wata dabara. A yamma ta uku na leƙa ƙasa. Na gan shi zaune a kan buzunsa, ya ɗaga kai yana kallon ɗan samansa mai faɗin tabarma uku, takalmansa a gabansa ya shafe su da mai, jakarsa ta fata a ɗaure. Na ji yana tambayar maƙwabcinmu ta kan katanga ko motar Takanamat tana nan tana tashi ranar kasuwa. Na san in ya tafi zai koma bakin rijiyar nan da guga, kuma ba mai kai shi likita. Duk abin da nake gani daga sama nasa ne, shi ya san sunan kowane dutse, ni ado kawai nake yi da su. Na sauko a hankali, hannu a kan ƙarfe, na san ita ce saukowata ta ƙarshe a kanta. Na sami babanku yana alwala, na ce masa a rushe.

Saura abu guda. In Baba ya gane don shi za a fasa aikin da ya ci wata guda a gidan surukinsa, ko motar ba zai jira ba, da ƙafa zai kama hanya. Na rasa yadda za a yi. Babanku ya ce in bar masa. Da safe ya je ƙofar ɗakin Baba ya durƙusa, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce ya zo da abin kunya. Ya ce ya yi kuskure a lissafin matakalar nan, in aka bar ta wata rana za ta kayar da wani, dole ya rushe ya sake. Ya ce ga shi yana da aiki a wani wuri, ba ya son barin gida ba babba, yana roƙon Baba ya daure ya ɗaga tafiyarsa, ya tsaya a kan masu aiki, musamman in an zuba siminti, don sai an shayar da shi safe da yamma har kwana ashirin da ɗaya, in ba haka ba ya tsage. Baba ya dubi matakalar. Can ya ce:

“Gini ban san shi ba. Amma shayarwa, wagga aikina ce tun ina yaro.”

Ya kwance jakarsa.

Ranar da aka sa guduma na tafi gidan gwaggona na yini. Kafin in dawo labari ya zaga unguwa. A majalisa aka riƙa tsokanar babanku, ana cewa a ba shi ƙirgen goro ya fara koyo daga nan. Wani mai kuɗi da ya riga ya yi masa maganar ginin bene ya aiko cewa ya samu wani. Wani ma ya bi bayansa. Shekara biyu babanku yana ginin katanga da gyaran bayi kafin a sake ba shi aikin sama. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ya kare kansa ba, don duk abin da aka faɗa a majalisa yana iya komawa kunnen Baba. Baba kuwa ya riƙe aikinsa da gaske. Da asuba da la'asar yana tsaye da sanda yana nuna inda ruwa bai kai ba, yana faɗa wa masu aiki cewa wancan na kwana bai sha ba, kamar yana maganar ɗan maraƙi.

An cire katako a ƙarshen bazara, lokacin da gajimare ya fara taruwa yana watsewa. Ba ta da kyau, na sani. Ta kwanta a jikin bango biyu kamar doguwar dabba mai barci, ta tare hasken tagar madafa, ta kori igiyar shanya. Ba wanda ya ce wa Baba ya hau. Rana ta biyu da la'asar iska ta juyo da sanyi-sanyi da ƙamshin ƙasa daga nesa. Na ga Baba ya ɗaga hanci. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gindin matakala. Na zauna a ƙofar madafa na sa faifai a cinya ina tsintar shinkafar da na riga na tsince. Babanku ya juya baya yana wanke shebur da ba ta da datti. Wannan karon ma ba wanda ya kalle shi, amma kunnuwanmu na kansa. Ƙwas, sanda, sannan takalmi, sannan takalmi. Na ƙirga goma sha huɗu, aka yi shiru a wurin hutawa, shirun da na ji kamar shekara. Sai ƙwas. Da na kai ashirin da bakwai na ga shinkafar ta jiƙe a faifai.

Ya daɗe a can. Da na saci kallo na hango shi tsaye tsakanin ƙarafan ɗakina, daidai inda na zana taga, iska na kaɗa rigarsa, yana juyawa a hankali gabas, arewa, yamma, kamar mai gaisawa da mutane a taron suna. Sannan muryarsa ta sauko, irin muryar da yake kiran shanu da ita, wadda ban ji ba tun ina yarinya. Ya ce wancan hadarin ba namu ba ne, na mutanen Barmu ne, namu sai jibi da hantsi, a kwashe abin da ke waje. Sannan ya sake cewa:

“Maigida.”

“Na'am, Baba.”

“Na ƙirga su. Na kuma ga dokin ƙohwata, na ga wagga.” Ya buga sandarsa a hawan ƙarshe. “Wanda ya yi kuskuren ga, Allah shi ba shi mai yi mishi irinsa.”

Babanku ya ce amin, yana ta wanke shebur.

Jibi da hantsi ruwa ya sauka. Kuma kada ku ɗauka labarin ya ƙare yadda na littattafaina ke ƙarewa, don ganin hadarin nan ne ya tuna wa Baba gonarsa. Bayan kwana biyu ya ɗaure jaka ya ce za shi shuka. Na shiga ɗaki na yi kuka, na ce ɗakina ya tafi, sunan mijina ya tafi, ga shi kuma zai tafi. Amma kafin ya fita ya faɗa wa bango cewa a bar masa buzunsa a sama, kada a naɗe. Ya sa yaran maƙwabta suna ja masa ruwa, ya zo ganin likita sau biyu a cikin damina, da kaka kuma ya dawo da damin gero shida a kan mota, bai ko zauna ba ya hau sama. Haka ya yi shekara shida har Allah ya karɓi ransa, damina a Takanamat, sauran watanni a kan rufinmu, matan unguwa suna aiko tambaya ko su yi shanya ko kada su yi. A can sama ya koya wa manyanku sunayen duwatsu, ko da yake na san kun manta. Littattafan nan goma sha shida suna ƙasan akwatina a ɗaure har yau. Ban kwance su ba, ban kuma san yadda aka ƙare da yarinyar da ke cikin na saman ba. Na bar ta tana shirin saukowa.

Babanku bai sake tara simintin ɗakina ba, ku kuka cinye shi a makaranta, ban kuma yi baƙin ciki ba. Shekara talatin ya yi yana hawa tsani da kwanon kankare a ka, har gwiwoyinsa biyu suka ƙare. Kun san yanzu ko dakalin masallaci sai an kama shi. Abin da ba ku sani ba, don ba kwa nan da la'asar, shi ne akwai wuri guda a duk garin Tawa da yake hawa ba mai riƙe shi. Ba ya son a kalla, ni ma ba na kallo. Ina zama a ƙofar madafa da faifai. Jiya na ce masa Abdu na son rushe kuskurensa, ya ce yaron ya yi karatu, ya fi shi sanin lissafi. Sannan ya lalubi sandar Baba, wadda ya gada, ya tashi. Yanzu haka da nake rubuta wannan layi ina jin sa. Ya kai goma sha huɗu, yana hutawa.